Suna Jiran Gyaran Ɗana, Ba Su San Ya Rasu Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi, da iyaye da 'yan'uwa masu karantawa. Allah ya sa na same ku lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe. Na san abin da nake yi ba daidai ba ne, ba wanke kaina na zo yi ba. Da hannuna na rubuta wannan a hankali, don ban daɗe da iya rubutun boko ba, kuma ba magana ba ce da zan iya zaunar da wani in ce ya rubuta mini.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Sana'ata gyaran keken ɗinki, ina da ɗan shago a bakin titi ta wajen Tarauni. Allo na yi tun ina yaro, boko kuwa sai da furfura ta fara fito mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan La'asar. Wanda ya matsa mini na shiga shi ne ɗana na fari. Sunan mahaifina aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari, don haka tun ranar suna ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Magaji ake ce masa a gida. Ni ko Magajin ma ba kasafai nake faɗa ba, sai dai "kai", ko in ce "ina yaron nan?" Haka na taso na ga ana yi, haka na yi. Ban taɓa yabonsa a gabansa ba, ban taɓa dafa kafaɗarsa a gaban mutane ba, in ya yi abin kirki mahaifiyarsa nake gaya wa, ita ma ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba.

Magaji yana da ciwon sikila. Ya yi karatun kimiyya a jami'a ya gama, amma jikinsa ba ya ɗaukar aikin da za a fita kullum, sai ya zauna a gida yana yi wa mutane ƙananan ayyukan kwamfuta. Abin da ransa yake ciki kuwa daban ne. Na daɗe ina ganinsa a ɗakin zaure da kwamfuta a cinya, allon cike da ƙananan rubutu, ban tambaya ba. Wata rana ya biyo ta shago zai wuce asibiti karɓar magani, Malam Audu tela maƙwabcina ya tare shi da tsokana, ya ce, "Mai taurari, yau dai sai ka duba mini nawa, na ga kasuwa ta ƙi." Magaji ya yi dariya ya ce, "Na duba, Baba Audu. Lafiyarsa ƙalau, ya dai ce ka rage goro." Da aka gama dariya, ni kuma ina kallon keken da ke gabana, na ce wai shi wannan aikin mene ne takamaimai? Ya jawo benci ya zauna. Ya ce masu nazarin sararin sama suna ɗaukar hotuna da manyan madubai na hangen nesa, hotuna masu yawan da ba mai iya zama ya bi su da ido. To akwai wata manhaja da suke aiki da ita, kamar akwatin kayan aikina, a ciki ga sifana ga filaya, kowa ya ɗauki abin da yake buƙata ya auna inda tauraro yake da ƙarfin haskensa. Kyauta ce, kowa a duniya yana iya ɗauka. Na ce to shi mene ne nasa a ciki? Ya ce, "Rijiyar unguwa ce, Baba. Kowa yana zura guga, amma in ba a samu mai yasa ba, wata rana laka za a ɗebo. Ni ina cikin masu yasa."

Ya ba ni labarin yadda suke aikin. In wani ya ga kuskure, sai ya rubuta a wani zaure da kowa yake gani. Ɗaya daga cikin masu gyara ya ce wannan nawa ne, a maƙala sunansa a kai. Daga nan ba wanda zai sa hannu a aikin muddin mai shi yana amsawa, sai in shi ya ce ya kasa, ko ya ɓace aka daina jin ɗuriyarsa. Na ce ai haka muke a sana'armu, in wani ya kwance keke ba ka taɓawa sai ya ce ya sallama. Ya ce, "Ashe Baba abokin aikina ne ban sani ba." Na ci gaba da sa mai a keke. Ina jin a duk zamanmu ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

A bara wata baiwar Allah mai suna Rukayya ta kawo wani kuskure. 'Yar Hotoro ce, amma tana karatun babban digiri a Afirka ta Kudu, ba su taɓa haɗuwa da Magaji ba, a wajen aikin suka san juna. Yadda ya bayyana mini, akwai wani layi da masana suka raba sama da shi gida biyu. Tauraron da yake ƙasa da layin kaɗan ana rubuta lambarsa da alamar ɗebewa a gaba, irin wadda aka koya mana a darasin lissafi. To in lambar ta fara da sifili, sai manhajar ta zubar da alamar, ta ɗauki tauraron ta kai shi saman layin, inda ba ya nan. Taurarin da Rukayya take nazari a kansu kuwa da yawansu a bakin layin nan suke. Ɓangaren a hannun Magaji yake, sai ya ce nasa ne. Ya ce abin ya fi yadda ake zato zurfi, in ka toshe nan sai ya ɓalle can, kamar zaren da ya sarƙe a ƙarƙashin keke. Ya yi ta fama da shi har damina ta shigo.

Sanyin damina ne ya tayar masa da ciwon. Muka kai shi babban asibitin da ke kusa da mu, aka ba shi gado. A nan ya kama yatsana ya sa a wayarsa don in iya buɗewa in kira 'yan'uwa, ya kuma nuna mini wata alama ta babban yatsa a ɗage, ya ce in saƙo ya shigo ban iya amsawa ba in danna ta, tana nufin na gani, ina nan. Wata safiya da ya ɗan samu sauƙi ya ce, "Baba, akwai aikin wata baiwar Allah a kwamfutata. Na gama, saura in tura. In an sallame ni ka tuna mini." Kun san me na ce masa? Na ce, "Ka bar zancen taurarin nan ka ji da jikinka." Ya yi murmushi ya juya fuskarsa bango. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Mutanen unguwa sun san ni da haƙuri, kuma na yi haƙurin. Na tsaya aka yi masa sutura, na karɓi gaisuwa, ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, har ana cewa a yi koyi da ni. Bayan an watse na koma shago. Wayarsa tana aljihuna, na manta ban kashe ba. Ina cikin kwance wani keke sai ta yi ƙara. Na ciro, na sa yatsa ta buɗe. Saƙon da Turanci yake, ban gane komai ba, sai kalma ɗaya a farkonsa. Na bi ta harafi bayan harafi yadda aka koya mana, sai na ji leɓɓana suna motsi. Sunansa ne, sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba. Wani mutum a wata ƙasa yana kiransa kai tsaye, yana yi masa magana kamar yana zaune a ɗakin zaure. Wallahi ban yi niyyar komai ba, na dai ga yatsana ya danna alamar nan. Ba a jima ba amsa ta dawo, kalmar godiya ta Turanci wadda ita ma na iya, da sunan nasa kuma a bayanta. Na shiga bayan shago na zauna a kan tsohon akwati, a nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Daga ranar kullum sai na yi wa wayar caji a shago. Kullum saƙo yana shigowa, kullum ina dannawa. A gida an koma cewa marigayi, a masallaci ana cewa Allah ya jiƙansa, ƙannensa sun raba kayan sawarsa. A cikin wayar nan kaɗai ake yi masa magana a matsayin mai rai, ana tambayarsa, ana gode masa, ana jiran ra'ayinsa. Ashe haka yaron nan yake da daraja a wajen mutane, ni ina gida ina ce masa "kai"? Na ce wa kaina mako ɗaya zan yi in faɗa musu. Mako ya wuce, na ce bari a yi arba'in. Arba'in ta wuce, azumi ya zo ya wuce, ina nan ina dannawa.

Rukayya ita da Hausa take rubuto masa, a gefe, don haka nata ina karantawa tsaf. Da farko da wasa take zuwa. Ta rubuto, "Malam mai yasa, ko rijiyar ta rufta da kai ne?" Na daɗe ina kallon wannan saƙon. Da ta ga yatsa kawai take samu, sai ta rubuto cewa ta san yana fama da jiki, don Allah ya ce mata wani abu ko kalma ɗaya ce, hankalinta ya tashi. A nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Tun bayan Azahar nake neman haruffa har aka kira La'asar, na rubuta mata, "Ina nan. Ki yi haƙuri." Ta amsa nan take, "Alhamdulillahi, har na ji sanyi. Allah ya ƙara sauƙi, zan jira." Karatun da ya matsa mini na koya, saƙon farko da na taɓa rubutawa da shi a waya, ƙarya ce da sunansa. Wane irin uba ne wannan?

Mai ɗakina ba ta sani ba. Wata rana na dawo cin abincin rana na manta ban rage ƙarar ba, wayar ta yi kuka a aljihuna, irin kukan da duk gidan suka sani. Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce, "Malam, wannan ba wayar yaron nan ba ce?" Na ce kamfanin layi ne suke turo talla, ina so katin ya ƙare ne in kashe. Ta dube ni ta ce, "Ka kashe ta, don Allah. Duk sanda ta yi sai in ji kamar zai ɗaga labule." Na ce to. Ban kashe ba, na dai daina zuwa da ita gida.

Kwanan baya wani dogon saƙo ya shigo daga mutumin da nake ganin shi ne babbansu. Jikina ya ba ni ba lafiya ba. Na kwafe shi a takarda, na cire sunan, na kai wa malaminmu na aji, Malam Kabiru, na ce na ɗan maƙwabcina ne yake son a fassara masa. Ya karanta a gaban 'yan aji. Ya ce mutumin yana cewa sun daɗe suna jiran gyaran, wasu sun nemi su karɓi aikin amma an dakatar da su saboda mai shi yana nuna yana nan, kuma suna girmama shekarun da ya yi yana hidima. To amma masu amfani da manhajar suna ta samun sakamako na kuskure, don haka in har aka fitar da sabon zubin manhajar ba tare da gyaran ba, za su cire sunansa daga cikin masu riƙon amanar manhajar. A ƙarshe mutumin ya ce wannan ba halin da suka san shi da shi ba ne. Malam Kabiru ya miƙo mini takardar ya ce, "Baba, ka gaya wa ɗan maƙwabcin naka bai kyauta ba. Mutum ya karɓi amana ya yi ta ɗaga wa jama'a yatsa, sai ka ce ɗan takara a bayan mota?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don kada a gane. Sai a lokacin na fahimci cewa da shiru na yi tun farko, da tuni wani ya ɗauki aikin ya gama. Yatsan nan nawa shi ne ya tsare ƙofa. Ni da na san dokar, ni da na ce masa haka muke a sana'armu.

Bayan wannan Rukayya ta turo saƙon murya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta gwada yin faci da kanta, ya ɓalle ta wani wajen, malamanta kuma sun ce ba za su karɓi sakamakon ba sai an tabbatar taurarin suna inda suke. Ta ce lokacin kare aikinta a gaban malamai na wannan zangon ya wuce, an ɗaga ta zuwa na gaba, mahaifiyarta a Hotoro har ta riga ta gaya wa dangi ta gama. Sannan ta ce, "Wani ya so ya karɓa tun kafin azumi, ni na hana. Na tsaya a taro na ce ɗan garinmu ne, na san shi, ba ya saɓa alkawari. Don Allah kada ka ba ni kunya." Na saurara, na sake saurara, na ajiye wayar a kan keke na kasa ɗaga sifana.

Na gwada buɗe kwamfutar ko zan iya tura mata abin in huta. Tana neman kalmar sirri, ban sani ba, kuma ko ta buɗe ina zan gane aikin a cikin wannan rubutu? Tana nan a cikin durowa na naɗe ta da tsohuwar rigarsa. Gyaran yana ciki, ya gama shi, shi bai ci amanar kowa ba. Abu ɗaya ya roƙe ni a duniya, in tuna masa, kuma ina tsoron kada wannan haƙƙin ya zama yana rataye a wuyansa a inda yake saboda ni. Yaron da ya yi aikin nan da ciwo a ƙashinsa, yau ana shirin cire sunansa a matsayin wanda ya yi sakaci, kuma ba maƙiyi ne ya jawo masa ba, ubansa ne.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne Rukayya ta dawo Kano hutu. Jiya ta rubuto ta ce ranar Asabar bayan Azahar za ta zo da yayanta su duba jikinsa, ta zo da kwamfutarta, in ba zai iya zama ba ya riƙa faɗa mata tana bugawa har su gama. Ta ce za su hau adaidaita daga Hotoro, a kwatanta mata gidan daga bakin titi. Ta ƙara da cewa, "Me Umma take so in taho mata da shi?" Wannan ne saƙon farko da ban danna wa komai ba. Yana nan a buɗe.

Na san abin da ya kamata, ba yaro ba ne ni. Amma ta ina zan fara? In rubuta mata tun yanzu cewa wanda take tsokana, take yi wa addu'ar sauƙi, take karewa a gaban mutane, ya daɗe a ƙasa, kuma "ina nan" ɗin da ta karanta tsohon banza ne ya rubuta? Ko in bari ta zo in gaya mata ido da ido, a zauren da mahaifiyarsa za ta ji komai ta bayan labule, ta san abin da na ɓoye mata? Na yi tunanin in ce mata ya rasu ne kwanan nan, in miƙa mata kwamfutar, kowa ya yi mini ta'aziyya a wuce wajen. Amma in na yi haka, duk watannin nan na jira da ɓata mata karatu sun zauna a kansa ke nan har abada, ni na fita fes. Sunansa ba zai wanku ba sai nawa ya ɓaci, kuma wannan na yarda da shi. Abin da na kasa yarda da shi, ku gafarce ni, shi ne ranar da suka sani za su rubuta ta'aziyya, su gama, shi ke nan. Wayar za ta yi shiru. Na binne shi sau ɗaya na daure, ban san ko zan iya na biyu ba.

Iyayena da 'yan'uwana, musamman malamai da waɗanda suka taɓa rasa ɗa, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Da wace kalma ake fara irin wannan magana, kuma wa zan fara gaya wa, Rukayya ko uwarsa? Asabar jibi ce, yarinyar tana jiran kwatance. Me zan yi?